Zafi, Iska da Gine-ginenmu: Darasi Daga Illela

Maganar da zan yi a yau ta shafi gini, amma ba magina kaɗai nake nufi da ita ba. Da yawa daga cikinku gobe ku ne za ku zauna a ofisoshin ƙananan hukumomi da Ma'aikatar Ayyuka, a kawo muku zanen makaranta ko na asibiti a ce ku sa hannu. To, abin da nake so ku riƙe shi ne, sanyin ɗaki ko zafinsa a kan takarda ake yanke shi, tun ba a aza bulo ko ɗaya ba. Kuskuren da aka yi a zane da fensir ake gyara shi. Amma in ya riga ya zama siminti da ƙarfe, sai jama'a su yi ta biyan kuɗinsa shekara da shekaru.

Na zaɓi Illela don ta zame mana misali, saboda dalilai biyu. Na farko, gari ne na kan iyaka, kimanin kilomita 85 arewa da birnin Sakkwato, yana kallon Birnin Ƙwanni ta Jamhuriyar Nijar, ga babbar kasuwar dabbobi da hatsi mai ci ranar Lahadi, ga ofisoshin kwastan da na shige da fice. A shekarar 2024 kuma aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar da aka tsara za ta taso daga Illela ta dangana da Badagry a bakin teku. Duk inda hanya da kasuwa suka haɗu, lalle ne gine-gine su biyo baya: shaguna, ɗakunan ajiya, masaukai, makarantu da asibitoci. Na biyu kuwa, yanayin Illela ba ya yafe wa mai ganganci.

Bari mu dubi yanayin nan, domin shi ne tushen maganar. Daga Maris zuwa Mayu, watau lokacin bazara, zafin rana yakan wuce digiri 40. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas da ƙura da hazo, dare ya yi sanyi har a nemi bargo. Da damina kuma iska takan juyo daga kudu maso yamma da laima a cikinta. Har wa yau, a yawancin watannin rani akwai babbar tazara tsakanin zafin tsakar rana da sanyin asuba. Gini ɗaya ne zai fuskanci waɗannan duka, saboda haka wanda ya zana shi da lokaci ɗaya kawai a zuciyarsa ya riga ya yi kuskure.

Kuskure na farko shi ne aron zane. Sau da yawa akan ɗauko zanen da aka yi domin Legas ko Fatakwal a dasa shi a nan, don kawai an ga ya yi kyau a can. A cikin shekarun 1950 wasu Turawa biyu 'yan Ingila, Maxwell Fry da Jane Drew, suka zana gine-ginen Jami'ar Ibadan da bangaye masu huda-huda, domin iska ta riƙa ratsawa dare da rana. Wannan dabara ta dace da ƙasa mai laima, inda maganin gumi shi ne iska mai motsi. Amma a Illela iskar azahar ta watan Afrilu kamar hucin maƙera take, ta Janairu kuwa ƙura ce zalla. Abin da ya dace da mu shi ne gini mai kauri wanda za a rufe da rana, a buɗe shi da dare ya sha sanyi. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Kuskure na biyu shi ne rashin kula da tafiyar rana. Ginin da aka miƙe tsawonsa daga kudu zuwa arewa, dogayen bangayensa biyu suna fuskantar gabas da yamma ke nan, sai ya sha ranar hantsi ta wannan gefe, ya sha ta la'asar ta wancan. Ranar la'asar ta fi muni, domin tana zuwa a karkace ta shiga ta taga kai tsaye a daidai lokacin da gari ya gama ɗaukar zafi, kuma baranda ba ta iya tare ta sosai. In aka juya ginin, tsawonsa ya bi gabas da yamma, sai tagogi su koma kudu da arewa, inda rana take bi ta sama, ɗan rufin da ya zarce bango ya ishe su inuwa. A lura kuma, a Illela rana takan tsaya tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, a tsakanin nan kuwa ta gefen arewa take bi. Ke nan bangon arewa ma yana bukatar inuwa, saɓanin abin da littattafan ƙasashen Turai suke koyarwa. Juya gini a kan takarda ba ya cin ko kwabo.

Kuskure na uku yana kan rufi, kuma ta nan ne mafi yawan zafi yake shiga ginin da ba bene ba. Kwanon da rana ta buga yakan wuce digiri 60. In aka ɗora shi ƙasa-ƙasa, ba silin, ko kuwa da silin amma an toshe tsakaninsu ba mafitar iska, ɗakin ya zama tanda. A ƙauyen Gando na ƙasar Burkina Faso, a shekarar 2001, Francis Kere ya gina makarantar firamare da bulon ƙasa, ya ɗaga kwanon sama da rufin ajin, ya bar sarari a tsakani, yadda zazzafar iska za ta tashi ta fice, sabuwa ta shigo ta tagogi. Wannan mutum ya sami lambar yabo ta Pritzker a 2022, wadda ita ce mafi girma a fannin zanen gini. Yanayin Gando bai yi nisa da namu ba. Farin fenti a kan kwano, da silin mai abin tare zafi, da ƙofofin iska a ƙarƙashin rufi, kuɗinsu kaɗan ne in aka gwada da kuɗin man janareta na shekara guda.

Kuskure na huɗu shi ne raina abin gida. Kakanninmu sun yi gini da tubali da azara, bango mai kauri, soro mai tsawo, ƙananan tagogi can sama, da zaure da tsakar gida. Hikimar ita ce, bango mai kauri yakan jinkirta zafin rana sa'o'i da dama kafin ya ratsa ciki, kafin nan dare ya yi, an buɗe ƙofofi ko an fito tsakar gida. Siririn bulon siminti mai rami ba ya yin wannan aiki, balle faffaɗan gilashi. Ba sai mun je nesa neman shaida ba. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, tsallaken iyakar nan, Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ginin da ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, duk a jihar Tawa, a 2018 Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka kammala sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse da inji, suka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu. Gaskiya ne ginin ƙasa yana son yaɓe da kulawa kafin kowace damina, kuma ba kowane wuri ya dace da shi ba. Amma ilimin kaurin bango da inuwa da tsawon rufi ana iya ɗaukarsa a yi aiki da shi ko da siminti za a yi ginin.

Kuskure na biyar shi ne dogara ga na'ura ita kaɗai. Akan zana ofis kamar akwati, tagogin da ba sa buɗuwa sosai, a ce ai za a sa iyakwandishan. Tambayar da ya kamata a yi ita ce, ranar da babu wuta fa? Kowa a nan ya san halin wutar lantarki a ƙauyukanmu da garuruwan kan iyaka. Maƙwabtanmu ma sun ga darasi a 2023, sa'ad da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin watan Yuli, manyan garuruwa suka shiga duhu, har sai da aka janye takunkumin a 2024. Ginin hukuma tilas ya zama wanda za a iya zama a cikinsa a yi aiki ko da fanka ba ta juyawa.

In kuwa ya zama dole a sa na'urar, kamar a ɗakin tiyata ko ɗakin ajiyar magani, to a yi lissafi. Kowane mutum da ke zaune yana fitar da zafi kimanin wat 100, saboda haka ɗakin taro mai mutum 60 yana da wat 6,000 daga jikin mutane kawai, ban da na rufi da tagogi. Na'urar da ake kira mai ƙarfin doki ɗaya da rabi kuwa kimanin wat 3,500 take iya kwashewa. In an sa ƙarama, za ta yi ta aiki ba hutawa har ta ƙone. In an sa wadda ta yi yawa, an yi asarar kuɗin saye, an kuma tilasta sayen babban janareta. Bugu da ƙari, yawancin na'urorin da ke kasuwa, masu alamar T1, an auna ƙarfinsu ne a zafin waje na digiri 35, alhali akwai masu alamar T3 da aka auna a digiri 46, domin ƙasashe irin namu. Wanda ya sayi ta farko don araha, a watan Afrilu zai gane cewa araha ba ta ado. Sa'an nan kada a rataye akwatin na'urar na waje a bangon yamma cikin rana, ko a cusa shi a lungun da iska ba ta zagayawa, kuma a sa shi inda mai gyara zai kai hannu, domin ƙurar hunturu takan toshe shi da matatarsa cikin ɗan lokaci.

Kuskure na shida, wanda ya fi kowanne hatsari, shi ne ɗaukar sanyi a matsayin sabuwar iska. Irin na'urar da ake mannawa a bango iskar cikin ɗakin take sanyayawa ta maido, ba ta kawo ta waje. Ɗakin jira na asibiti da aka rufe ruf, cike da masu tari, yana iya yin sanyi amma ya zama wurin yaɗa cuta. Muna cikin yankin da sanƙarau yake yawan ɓulla da rani, kuma cunkoso a ɗaki marar iska yana taimaka masa. Annobar 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa, ta 2017 kuma ta taɓa jihohin Zamfara da Sakkwato da Katsina ƙwarai. Ɗakunan kwanan ɗalibai, da ɗakunan tsare mutane, da masaukan fatake, lalle ne su sami tagogi a bangaye biyu masu kallon juna da mafitar iska a sama. Haka kuma da ɗari, mutane sukan rufe ɗaki su kwana da kaskon gawayi, wasu kuma su tayar da janareta a cikin gida ko gindin taga. Duka biyun suna fitar da iskar guba marar wari marar launi, wadda takan ɗauki rai cikin barci. Ɗakin janareta wajibi ne ya kasance a ware, hayaƙinsa yana fita nesa da inda mutane suke kwana.

To, mene ne aikinku? Ba a ce kowa ya zama injiniya ba. Amma kafin ka sa hannu a kan zane, ɗan'uwa, nemi a nuna maka kibiyar arewa a jikin takardar, ka ga inda tagogi suke kallo. Tambayi abin da ke tsakanin kwano da kan mutane. Tambayi ta inda iska za ta shiga da ta inda za ta fita. Nemi lissafin da aka bi aka zaɓi girman na'ura, a rubuce. Tambayi nawa ginin zai ci na wuta da mai da gyara a shekara goma, kada ka tsaya ga kuɗin kwangila kawai. Tabbata mai zanen gini da injiniyan wuta da na sanyi sun zauna tare tun farko, domin in aka kira injiniya bayan an gama, sai fasa bango da ƙarin kuɗi. Kada kuma a bari ɗan kwangila ya sare itatuwan da ya tarar a filin. Dogon yaro guda a yammacin gini yana aikin da ba ya bukatar mai.

Akwai wanda zai ce waɗannan tambayoyi suna jawo jinkiri, shugabanni kuwa suna son a buɗe aiki da wuri. Amsar ita ce, jinkirin mako biyu a ofis ya fi sauƙi a kan ajin da yara za su riƙa gudu daga cikinsa su koma gindin itace kowace bazara, ko asibitin da rabin kasafinsa yake ƙarewa a tankin janareta. Kuɗin nan na talakawa ne, na manomin albasa da mai kiwon da ya biya haraji a kasuwar Illela, kuma amana ce a hannun wanda ya riƙe alƙalami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sa ilimin da muke nema ya amfani jama'armu.