Wanki da Sautin da Kunne Ba Ya Ji



Sa'ad da muka ce a kan wanki za mu yi magana, wasu abokanmu sun yi mana dariya, suka ce ashe karatun injiniya ya koma wanki da guga. To, wankin ne kuwa, amma irin wanda in an yi sakaci da shi, na'urar asibiti ko kwamfutar ofis sai ta mutu tun ba a gama biyan kuɗinta ba.

Duk wanda ya taɓa buɗe rediyo ko waya ya ga koren allon nan da masu gyara ke kira fanel. A masana'anta ba da hannu ake liƙa masa ƙananan kayansa ba. Akan ɗora masa wani siririn farantin ƙarfe mai ɗaruruwan huji, wanda kaurinsa bai fi milimita 0.15 ba, watau sitansil. Dabararsa ɗaya da sitansil ɗin da iyayenmu suka riƙa buga takardu da shi a ofisoshi, sai dai maimakon tawada, kwaɓin dalma ake shafawa, ya bi ta hujin ya sauka daidai inda ake so. Daga nan a jera kayan, a sa allon a tanda mai zafin kusan digiri 245, dalmar ta narke ta kama.

Ga inda matsalar take. Faɗin wani hujin bai kai sulusin milimita ba. In kwaɓi ya bushe a cikinsa, dalmar da za ta sauka ba za ta isa ba, kuma kuskuren zai bi kowane allo da aka buga da wannan faranti. Bugu da ƙari, a cikin kwaɓin akwai wani ƙaro mai cinye tsatsa domin dalma ta kama. Wani irinsa in ya saura a allo yakan jawo laima, kuma idan lantarki na gudana, sai wasu siraran zaruruwan ƙarfe su riƙa tsirowa tsakanin layi da layi har su haɗe su. Na'ura ta ci jarrabawar masana'anta lafiya lau, sai damina ta kama, ta fara gardama.

Buroshi ba ya shiga irin wannan lungu. Saboda haka ake tsoma farantin ko allon a kwamin ruwa, a girgiza ruwan sau 40,000 a sakan guda, alhali kunnen ɗan Adam bai cika jin abin da ya haura 20,000 ba. Girgizar tana fitowa ne daga wani abu da ke motsi in an sa masa lantarki. 'Yan'uwan nan biyu na Faransa, Pierre da Jacques Curie, su suka gano asalin wannan hali a 1880. Girgiza ta haifi kumfa ƙanana ƙwarai, kumfan su rushe nan take da ƙarfi, rushewar ta ɓamɓare datti duk inda ruwa ya iya kaiwa. Abin sha'awa, da fari ɓarna aka san wannan kumfa da ita, domin ita ke cinye farfelar jiragen ruwa, har Lord Rayleigh ya yi lissafin ƙarfinta a 1917. Mai shakka ya tsoma takardar alminiyam a kwamin, zai fito da ita duk huji.

Ruwan wankin ma ya sha sauyi. A da wani sinadari ake amfani da shi, CFC-113, sai aka tabbatar yana illata rufin ozon da ke kare duniya daga zafin hasken rana, Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka bar shi. A 2006 kuma dokar Tarayyar Turai ta taƙaita dalma mai guba a kayan lantarki, aka koma ga haɗin kuza da azurfa da jan ƙarfe. Wannan haɗi ya fi bukatar zafi, ƙaronsa kuwa ya fi ƙanƙamewa, wanki ya ƙara wuya.

Amma fa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ƙarfin da ke cire datti yana iya fasa ɗan ƙirista mai riƙe wa na'ura lokaci, ko ya kashe ƙaramar makirfon ɗin waya. Sitansil ƙarfe ne zalla, yana jurewa. Allo mai kaya kuwa sai an duba abin da ke kansa. Muna ganin ƙananan kwamin nan a shagunan gyaran waya, inda ake ceto wayar da ta faɗa ruwa, kuma aiki ne mai kyau in an cire batir, an kuma guji zuba sifirit, domin yana kama wuta.

A ganinmu, yayyenmu da ke sa hannu a takardun sayen kaya sun fi kowa bukatar wannan bayani. Banda farashi, ya kamata a tambayi mai kawo kaya: an wanke allon, ko irin ƙaron da ba ya bukatar wanki aka sa? In an wanke, an ɗauraye da tataccen ruwa marar gishiri? An busar da shi sarai? Domin ɗigon da ya maƙale ƙarƙashin wani ɗan kaya zai yi ɓarnar da aka yi wankin don a hana ta.