Maganin Ɗigawa a Ido Bayan Aikin Ƙarfafa Tantanin Ido

Wannan jawabi ya shafi duk wanda aka yi wa aikin ƙarfafa tantanin ido, da iyayen yaran da za a yi wa, da masu sayar da magani a kemis. Abin da ake so kowa ya riƙe shi ne, bayan wannan aiki hanyar da magani ke bi ya shiga ido takan sauya. Saboda haka ba a ƙara magani, ba a rage shi, sai da umurnin likitan ido.

A gaban ido akwai wani tantani garai-garai kamar gilashin agogo, wanda ya rufe baƙin ido. Likitoci na kiransa koniya. Kaurinsa a tsakiya bai wuce rabin milimita ba sai da kaɗan. A samansa akwai wata 'yar fata mai tsare ido daga ƙwayoyin cuta, a ƙarƙashinta kuwa naman tantanin ne, watau zare-zare jere bisa juna. Ta nan haske ke shiga, ta nan kuma yawancin maganin da ke kaiwa cikin ido yake ratsawa.

Akwai cutar da ake kira keratokonas, mai sa tantanin ya sirance, ya yi tsororo kamar jinka, gani ya dagule har tabarau ya kasa gyara shi. Takan fara ne wajen shekarun balaga, yawan murza ido kuwa yana ƙara ta. Don haka yaran da ke fama da ƙaiƙayin ido, wanda ya yawaita a wurare masu zafi da ƙura, suna bukatar a duba su.

Aikin tsai da wannan cuta ya samo asali ne daga birnin Dresden na ƙasar Jamus. A shekarar 2003 aka bayyana sakamakonsa a kan mutane, a 2016 kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi. A bisa tsarinsa na asali, likita yakan kankare 'yar fatar nan, ya yi ta ɗiga ruwan bitamin B2 har minti 30, sa'an nan ya haska wurin da wata fitila ta musamman minti 30. Da haka zare-zaren ke harɗewa da juna su yi ƙarfi, kamar saƙar da aka matse. Manufar aikin ita ce hana cutar ci gaba, ba wai mai da ido yadda yake a da ba.

To, ina labarin magani? Ko a lafiyayyen ido, abin da ke ratsa tantani bai kan kai kashi 5 cikin 100 na abin da aka ɗiga ba. Saura yakan zube, ko ya bi wata 'yar kafa zuwa hanci, shi ya sa ake jin ɗacinsa a maƙogwaro. Bayan aiki kuwa, lamarin yakan sauya sau biyu.

Na farko shi ne kwanakin da fatar ba ta rufe ba, galibi kwana 3 zuwa 5, wani lokaci mako guda. A sa'an nan ƙofa a buɗe take: magani na shiga fiye da yadda ya saba, ƙwayoyin cuta ma haka. Shi ya sa ake ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, lalle kuwa a kiyaye lokutansa. Ido yakan yi raɗaɗi, amma kada a sayi maganin ɗigawa mai kashe zafi ana ta zubawa, domin yana hana fatar rufewa, har ya jawo gyambo. Haka nan kwalli, da nonon mace, da ruwan ganye, duk kada su kusanci idon.

Na biyu shi ne bayan an warke. Tun da saƙa ta matse, ratsa ta yakan ƙara wuya. Gwaje-gwajen da aka yi a kan idanun dabbobi sun nuna cewa waɗansu magunguna, har da na kashe ƙwayoyin cuta, ba su wucewa da yawa kamar da. Wannan ba ya nufin magani ya daina aiki. Abin da yake nufi shi ne, duk likitan da zai duba idon nan gaba, ko da bayan shekara 10 ne, dole a gaya masa an taɓa yin aikin, don ya san irin maganin da zai zaɓa da yadda zai auna amfaninsa.

Babban haɗari shi ne mutum ya ji wannan bayani ya ninka wa kansa magani. Ido ba ya riƙe fiye da ɗigo ɗaya, na biyu ɓarna ne. Magani mai sitiroyid, irin su deksametason, in aka daɗe ana sa shi ba tare da awo ba, yana iya jawo hawan jinin ido ko yanar ido, ganin da hawan jinin ido ya ci kuwa ba ya dawowa. Timolol, wanda ake ba masu hawan jinin ido, in ya yi yawa yakan bi ta hanci ya shiga jini, ya rage bugun zuciya, ya ta da asma.

Saboda haka a kiyaye waɗannan:

1. A wanke hannu, kada kuma bakin kwalba ya taɓa ido.
2. A ɗiga ɗaya tak, a rufe ido, a danna gefensa na wajen hanci minti 2.
3. In magani biyu ne, a bar minti 5 tsakaninsu. Mai maiƙo shi ne na ƙarshe.
4. A daina murza ido.
5. A adana katin asibiti, a riƙa zuwa da shi tare da kwalaben magani.

In ciwo ya ƙaru maimakon ya ragu, ko ido ya fara ruwa mai kauri, ko wani farin tabo ya fito a kan baƙin ido, ko gani ya ragu farat ɗaya, kada a kwana. A tafi wurin likitan da ya yi aikin, ko sashen ido na babban asibiti mafi kusa, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Masu kemis kuma, in irin wannan majinyaci ya zo neman magani ba da takardar likita ba, taimakon da za su yi masa shi ne su tura shi asibiti.