TUNAWA DA BABA SOJA: MAYAƘI, KAFINTA, MURIDI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Maulana Shehu Ahmadu Tijjani da Shehu Ibrahim Inyass. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa ahbabu, a taron bana an keɓe wannan lokaci domin tunawa da dattijon da kowa a wannan zawiya ya sani da laƙabin Baba Soja, Allah Ya jiƙansa.

Marigayin yana saurayi ya shiga soja a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1943 aka ɗebe su a jirgin ruwa daga Ikko zuwa Indiya cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, daga can aka tura su ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar, domin yaƙar Japan. A kwarin kogin Kaladan daji ya yi duhun da mota ba ta ratsa shi, saboda haka a ka ake dakon harsashi, abinci kuwa jirgin sama ke jefo shi. Da yawa daga abokansa can suka kwanta dama, aka binne su cikin gaggawa ba likkafani. Sunayen waɗancan fagage, irin su Arakan da Myohaung, su aka raɗa wa wasu barikokin Nijeriya.

A 1946 ya dawo gida da sana'ar kafinta da ya koya a soja. A shekarun da suka biyo baya Failar Shehu Ibrahim ta game Kano, shi ma ya karɓi wuridi. Ya kasance yana gaya wa matasa cewa a bariki ya koyi bin umarni don tsoron hukunci, a zawiya kuwa ya koye shi don ƙauna. Lazimin safe da na yamma ba ya wuce shi, wazifa da zikirin Juma'a a sahun gaba ake samunsa.

Da zarto da guduma ya ciyar da iyalinsa, ya kai 'ya'yansa maza da mata makarantar allo da ta boko, ya aurar da su, ya riƙe marayun ƙaninsa ba tare da bambanci ba. Ba ya karɓar kafin alƙalami a kan aikin da ya san ba zai gama a kan lokaci ba. Makarar masallacin unguwa shi ya yi ta kyauta, kuma ba a jana'iza ba shi. Dalilinsa shi ne ya ga Musulmin da ba su sami sutura ba, don haka ya ɗauki alkawarin yi wa mamata hidima iyakar rayuwarsa.

Malamai sun karantar cewa Annabi Dawuda (A.S.) ya yi yaƙi, ya ƙera sulke, ya ci daga aikin hannunsa, kuma duk wannan bai rage masa ibada ba. A kan wannan tafarki marigayin ya rayu. Tasbaha ba ta hana riƙe guduma, kuma muridin da ya raina sana'a ya zauna jiran abin hannun mutane bai fahimci tarbiyya ba.

Saboda haka ana kira ga matasan zawiya kowa ya kama sana'ar halal, masu sana'a su karɓi yara su koya musu. Ana kuma tunatar da masu hali haƙƙin matan tsofaffin sojoji da marayunsu, waɗanda da yawansu ke cikin ƙunci ba mai leƙa su.

Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka makwancinsa, Ya jiƙan abokansa da ke kwance a dazuzzukan Bama, Ya albarkaci zuriyarsa, albarkar Annabi (S.A.W.). Amin.