Jawabi a Kan Annoba da Haƙƙin Maƙwabci, Wanda Aka Gabatar a Taron Shekara na Ƙungiya

 

Jama'a, mu da neman abinci ya kawo mu Suleja daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, mun san irin zaman garin nan. Kullum asuba dubban mutane ke bi ta Madalla da Zuba su tafi aiki Abuja, da yamma su dawo su kwana a tsakaninmu. To, duk abin da ya shiga Abuja, ba ya kwana bai iso ƙofar gidanmu ba.

Mun ga haka a shekarar 2020. Ran 27 ga Fabrairu aka samu mutum na farko mai cutar korona a Legas. Ran 30 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya rufe Legas da Ogun da Abuja, nan Jihar Neja ma Gwamna Abubakar Sani Bello ya sa dokar hana fita. A watan Afrilu cutar ta yi ajalin Malam Abba Kyari. A wannan shekara ko aikin Hajji ba wanda ya je daga Nijeriya.

Abin lura a nan shi ne, mutane sun kasu. Akwai wanda ya sa takunkumi don tsoron ransa kawai. Da ya ji cewa cutar ta fi kayar da tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini, shi kuwa saurayi ne majiyi ƙarfi, sai ya cusa takunkumin a aljihu, ba ya fito da shi sai ya hango 'yan sanda. Akwai kuma wanda ya sa don yana da tsohuwa a gida. Wannan bai cire ba, ko ana kallo ko ba a kallo. Likitoci sun bayyana cewa mutum yana iya ɗauke da cutar bai sani ba, yana tari yana rarraba ta. Ashe ke nan ƙyallen da ke fuskarka, maƙwabcinka ma yake karewa.

Son kai kuwa mun ga kalarsa iri-iri: mai ɓoye zazzaɓi don kada a killace shi, direban da ke ratsa daji da fasinjoji lokacin da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, da ɗan kasuwan da ya ninka kuɗin shinkafa ana cikin azumi. Amma fa a yi adalci. Ɗan dako da mai tura ruwa, wanda sai ya fita ake ɗora tukunya a gidansa, yunwa ce ta fito da shi. Wanda ya aika masa da kwanon masara ya zaunar da shi gida, ya fi mai wa'azin doka aiki.

Masu cewa ai komai ƙaddara ce, mu tuna Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi. Yana kan hanyar Sham ya samu labarin annoba, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa Madina. Wa ya kai shi tawakkali a cikinmu?

A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin ta-ɓaci a kan korona, amma kwalara tana nan tana jiran damina, sanƙarau yana jiran bazara. Saboda haka muna roƙon abu uku. A buɗe asusun tallafi tun ana zaune lafiya. Kowane layi a kasuwa ya tanadi ruwa da sabulu. Wanda ciwo ya shiga gidansa ya garzaya asibiti, mu kuma kada mu tsangwame shi, don tsangwama ce ke sa a ɓoye.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya kare mu da zuriyarmu, ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Zazzau Suleja, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu. Wassalamu alaikum.