Kada Fargaba Ta Hana Ka Gwaji: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Shekara Na Ƙungiya



An nemi in yi magana kan lafiya, ni kuwa na zaɓi abin da muke jin nauyin faɗa a gaban manya. Ina neman afuwa, domin barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

A wurin aikina na asibiti, sau da yawa matashi kan zo mini ido ya faɗa, ya yi makonni bai yi barcin kirki ba. Ya kusanci wata da bai san matsayin lafiyarta ba, tun daga ranar yake lalube wuyansa yana neman kaluluwa, ko mura ta kama shi sai ya ce ƙanjamau ce. Wani ma har ya fara wasiyya, alhali bai yi gwaji ba.

Jama'a, alamu ba sa tabbatar da wannan cuta. Gaskiya ne wasu kan yi zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ƙuraje da kumburin kaluluwa mako 2 zuwa 4 bayan kamuwa, amma zazzaɓin cizon sauro da mura ma suna kawo irin wannan. Wasu kuwa sukan shekara da shekaru garau alhali ƙwayar tana jikinsu. Gwajin jini kaɗai ke raba gardama.

Don haka ku riƙe lambobi uku. Na farko, awa 72. Wanda ya je asibiti kafin cikar wannan lokaci bayan saduwar, ko da fyaɗe aka yi wa mutum, akwai maganin kariya da ake ba shi, kuma gwargwadon saurin zuwa, gwargwadon amfaninsa. Na biyu, kwana 28: tsawon lokacin shan maganin ke nan, ba tsallake rana. Na uku, wata 3. Gwajin gaggawa na yatsa ba ya ganin cutar a kwanakin farko, saboda haka sakamakon mako guda bai isa shaida ba, sai an maimaita bayan wata 3.

A cikin waɗannan watannin ne haƙƙin iyali ya rataya a wuyanka. Mafi yawanmu muna birni, matanmu na gida, muna zuwa da salla ko hutu. Wanda bai tabbatar ba, ya yi amfani da kororon roba ko ya ƙaurace wa shimfiɗa. Matar da ta tarbe ka da ruwan sanyi ba ta ci bashin kowa ba.

In kuma an samu cutar, ba ƙarshen duniya ba ne. A 1986, lokacin da aka fara ba da rahotonta a Nijeriya, babu magani, har ana ce mata kabari-kusa. Yau ana ba da maganin kyauta a asibitocin gwamnati. Mai shan sa kullum yakan yi tsawon rai, kuma in ƙwayar ta ragu har gwaji ya kasa ganinta, ba ya sa wa matarsa. Mai ciki ma tana iya haihuwar ɗa lafiyayye. Dokar tarayya ta 2014 kuwa ta haramta korar mutum daga aiki saboda wannan cuta.

Roƙona shi ne mu daina nuna masu ita da baki, domin tsoron bakinmu ne ke hana 'ya'yanmu zuwa gwaji.

In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.