Manhajar Jadawalin Ɗalibai: A Fara da Abin da Ya Fi Wuya

 

An nemi in yi magana a kan yadda ake tsara aikin gina manhajar da za ta shirya wa ɗalibai jadawalin kwasa-kwasai, a bisa salon nan na gini zagaye bayan zagaye. Zan faɗi matsayina tun yanzu, don wanda uzuri zai fitar kafin a tashi ya tafi da shi: a irin wannan aiki, ɓangaren da ya fi ba ku tsoro shi za ku fara taɓawa. Yawancin masu gina manhaja, musamman ɗaliban ajin ƙarshe, da shafin shiga suke farawa, wurin sa suna da kalmar sirri. Su ƙawata shi da tambarin makaranta, su zaɓi launi, su ci wata guda a kansa. An gina irin wannan shafi sau ba adadi a duniya, babu wani abin mamaki da ya rage a cikinsa. Abin da zai kayar da aikin yana can ciki, inda kwas ke karo da kwas.

Bari mu yi ɗan lissafi. Kwana biyar a mako, awa takwas a rana, gurbi 40 ke nan. A ce kwas goma kacal ake son a ba kowanne gurbi ɗaya. Hanyoyin rabawar su ne 40 sau 40 har sau goma, wato fiye da tiriliyan 10,000, alhali tsangaya guda tana iya tara kwasa-kwasai ɗaruruwa. Tun a 1976 wasu masana uku, Even da Itai da Shamir, suka tabbatar cewa tsara jadawali yana cikin rukunin matsalolin da har yau ba a san wata hanya mai sauri da ke warware su a kowane hali ba. Saboda haka duk ɗan kwangilar da ya ce muku manhajarsa za ta fitar da jadawalin da babu kamarsa da latsa maɓalli ɗaya, ku tambaye shi a wace makaranta ya gwada.

Masu lissafi suna kallon matsalar kamar haka. Kowane kwas ɗigo ne a kan takarda. Idan kwas biyu suna da ɗalibi ɗaya ko malami ɗaya, sai a ja layi a tsakaninsu. Kowace awa launi ce, kuma ba a yarda ɗigo biyu da layi ya haɗa su samu launi iri ɗaya ba. A 1967 Welsh da Powell suka kawo dabara mai sauƙi: a jera ɗigogin, a fara shafa launi ga wanda layuka suka fi yawa a jikinsa, domin shi ne zai rasa wurin zama idan aka bar shi a ƙarshe. Na kawo wannan ne don ita ce dabarar da nake so ku bi wajen tsara aikin kansa.

To amma lissafin ma ba shi ne babbar wahalarmu ba. Babbar wahalar ita ce ƙa'idojin jadawali ba a rubuce suke ba. Wasu kam sanannu ne: malami ba ya tsayawa a aji biyu a lokaci guda, ɗakin mutum 80 ba ya ɗaukar 300, kuma a tsarin da jami'o'inmu suka saba bi ɗalibi ba ya yin ƙasa da yunit 15 ko ya haura 24 a zango. Sauran kuwa suna cikin kan jami'in jadawali, wanda ya shekara da shekaru yana yi da fensir da babbar takarda. Shi ya san ba a sa lacca lokacin Juma'a. Shi ya san malamin da ke zuwa daga wata jami'a, Alhamis da Juma'a kaɗai ake samunsa. Ya san aikin ɗakin gwaji yana son awa uku a jere, ya san kwasa-kwasan bai-ɗaya na ajin farko sai babban zaure, ya san akwai ɗaliba mai keken guragu da ba za ta hau bene ba, ya san idan azumi ya kama laccar yamma sai ta hankali. Sannan ga ɗan aji uku mai kari-oba a aji biyu, wanda shi kaɗai zai ja layi tsakanin kwasa-kwasan da a takarda babu ruwan wani da wani. Idan kuka zauna da jami'in nan kuka ce ya lissafo muku ƙa'idoji, zai ba ku goma. Sauran talatin ɗin ba ɓoye su ya yi ba. Ba za su zo masa ba sai ya ga jadawalin da ya karya su.

A nan ne tsohon salon aiki yake tuntuɓe. Salon shi ne a tattara dukkan buƙatu a rubuta, a sa hannu, a zana fasali, a gina, a gwada, a miƙa, kowane mataki sau ɗaya tak. Ana yawan jingina shi ga Winston Royce saboda takardarsa ta 1970, amma wanda ya karanta ta zai ga mutumin gargaɗi ya yi: gwaji yana zuwa ne a ƙarshe, lokacin da gyara ya riga ya yi tsada, don haka ya ba da shawarar a fara gina samfuri kafin na ainihi. Mutane suka ɗauki zanen suka bar gargaɗin. Gini zagaye-zagaye kuma ba yayin jiya ba ne, ko da yake da yawa sun fara jin labarinsa ne bayan taron mutum 17 a Snowbird ta jihar Yuta a Fabrairun 2001, inda aka fitar da sanarwar Agile. Injiniyoyin IBM sun gina babbar manhajar kumbon sama jannati na Amurka, daga 1977 zuwa 1980, a zagaye 17 cikin wata 31. A 1986 kuma Barry Boehm ya fito da tsarin da kowane zagaye ke farawa da tambaya ɗaya: mene ne haɗari mafi girma a yanzu?

Akwai masu zaton aiki zagaye-zagaye yana nufin aiki ba tsari, a tashi da safe a yi abin da ya zo rai. Ba haka ba ne. Tsari biyu ake riƙewa. Akwai babba, shafi ɗaya ko biyu, mai nuna ranar da za a fara amfani da manhajar, da yawan zagayen, da abin da ake fatan kowanne ya kawar daga jerin haɗura. Akwai kuma ƙarami mai dalla-dalla, na zagayen da ake ciki kaɗai, mako biyu ko uku, wa zai yi me kuma da me za a gane an gama. Ba a rubuta dalla-dallar wata na biyar a watan farko, domin abin da za a koya a tsakani zai mai da ita shara.

A ce ku biyar ne, kuna da wata shida. Ga abin da zan sa ku yi a zagayen farko. Ku ɗauki sashe ɗaya, ku karɓo bayanan zangon da ya wuce: kwasa-kwasai, malamai, ɗakuna, da rajistar ɗalibai, bayan an cire sunaye, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kanku kamar yadda ta hau kan banki. Ku gina abu ɗaya tak, manhajar da ba ta tsara komai, nuna karo kawai take yi. Ba ado, ba launi, ko baƙin rubutu a farin allo ya wadatar. A ƙarshen mako na uku ku zaunar da jami'in jadawali a gabanta. Zai duba layi na huɗu ya ce, “Yara, ai wannan ba karo ba ne. Kwas ɗaya ne, lamba biyu gare shi, 'yan Kimiyya da 'yan Ilimi tare suke zama.” Zai gangara ƙasa ya ce, “Wannan ɗakin kuma an mai da shi ofis tun bara.” Wannan zama na awa ɗaya ya fi takardar buƙatu mai shafi hamsin daraja, kuma kun same shi a mako na uku, lokacin da sauya fasalin rumbun bayanai aikin yini ɗaya ne. A wata na biyar aikin wata guda ne, da faɗa a kai.

A wannan zagayen ne kuma ya kamata ku yi wa kanku tambayar da masu gina manhaja ba sa so: shin dole ne mu gina injin tsarawar da kanmu? Akwai UniTime, wadda ta samo asali daga aikin jadawali a Jami'ar Purdue ta Amurka, akwai FET da wani ɗan Romaniya ya rubuta, dukansu kyauta ne kuma lambobinsu a buɗe suke. Ku zuba musu bayananku ku gani. Idan sun ɗauka, ƙarfinku ya koma kan abin da babu mai yi muku shi daga waje, wato tsabtace bayanai da haɗa manhajar da tsarin rajista da biyan kuɗi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Zagaye na biyu ya fitar da jadawalin sashen nan ɗaya, kuma a nan za a raba ƙa'idoji gida biyu: waɗanda ba a karyawa ko ana ha-maza-ha-mata, da waɗanda so ne kawai, kamar malamin da ba ya son laccar ƙarfe takwas. Wannan rabo ba aikin mai rubuta manhaja ba ne, hukunci ne na hukuma, kuma gara a yi rigimarsa da wuri. Daga nan a ƙara sashe na biyu wanda ke raba kwasa-kwasai da na farko, sai shafin ɗalibi a waya, tunda da waya yawancinsu za su shiga, da data ƙalilan da sabis mai zuwa yana ɗaukewa. Shafin shiga da tambarin makaranta su zo a inda suka samu wuri.

Abu ɗaya ne ba na yarda a jinkirta: gwajin cunkoso. Ranar buɗe rajista kowa rububin shiga yake a awa ɗaya. A ranar 1 ga Oktoba 2013 gwamnatin Amurka ta buɗe shafin inshorar lafiya na HealthCare.gov ga jama'a gaba ɗaya, bayan an yi gwajin haɗa sassansa a makonnin ƙarshe kawai. Takardun cikin gida da suka fito daga baya sun nuna mutum shida ne suka kammala rajista a ranar farko. Ba kuɗi suka rasa ba, ba kuma ƙwararru ba. Ku ƙirƙiri ɗaliban bogi dubbai ku auka wa sabarku tun zagaye na uku, kuma ranar farawa ku buɗe wa tsangaya ɗaya, tsohon tsarin takarda yana ajiye a gefe.

Sai maganar lokaci. Ranar rajista ba ta jiran manhaja, don haka abin da ke motsi shi ne yawan abin da za a miƙa. Tela mai hankali, idan Sallah ta matso, yakan rage aikin wuya ya miƙa rigar da za a sa, ba ya riƙe ta don surfani. Idan zagaye ya ƙare wani abu bai kammala ba, a mayar da shi cikin jeri a sake auna muhimmancinsa, kada a ƙara wa zagayen mako. Kuma kada a ce za a ɗebo ƙarin mutane don a cim ma lokaci. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin OS/360 a IBM, ya nuna a littafinsa na 1975 cewa ƙarin hannu a aikin da ya makara ƙara masa latti yake yi. Dalilin a fili yake: tsakanin mutum biyar hanyoyin magana 10 ne, tsakanin mutum goma 45, kuma tsofaffin ne za su ajiye aiki su koyar da sababbin.

Wani zai ce ai kalandarmu ma ba ta tsayawa wuri ɗaya. Gaskiya ne, kuma hujja ce a gare ni. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya hargitsa zanguna. A Disambar shekarar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabon kundin manhajar karatu, CCMAS, wanda ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da kanta. Sakamakonsa, 'yan tsohon tsari da 'yan sabo suna karatu a sashe ɗaya da lambobin kwas daban-daban. Takardar buƙatun da aka sa wa hannu kafin waɗannan abubuwa biyu ta tsufa tun ba a rubuta layi ɗaya na manhaja ba. Wanda ke miƙa abu mai aiki duk bayan mako uku, shi sauyi ya same shi da wani abu a hannu.

Ina da roƙo ga hukumar makaranta, tunda wakilanta suna zaune a nan. Ku naɗa mutum ɗaya, ba kwamiti ba, wanda zai halarci nunin ƙarshen kowane zagaye kuma yake da ikon cewa wannan ya shiga, wancan ya jira. Idan kwangila za ku bayar, ku biya bisa abin da aka nuna yana aiki a kowane zagaye, ku kuma rubuta a yarjejeniya cewa lambobin manhajar da bayanan mallakar makaranta ne. Ku sauke wa jami'in jadawali wani aikin don ya samu awa biyu a mako ya zauna da masu ginin. Shugabannin sassa kuma, ana neman sashe ɗaya da zai ba da bayanansa na zangon bara don zagayen farko. Wanda ya amince ya same ni kafin mu bar zauren nan.