Siririyar Kwamfuta da Komawar Aikin Ofis Hannun Uwar Garke



Duk wanda ya taɓa aiki a ma'aikata ya san ofishin rajista. Can fayiloli suke kwana. Akawu ba ya ajiye su a aljihun teburinsa, sai dai ya aiki masinja ya ɗauko masa, ya yi abin da zai yi, a mai da su. Wannan tsari, wanda ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, shi ne mabuɗin fahimtar na'urar da wannan lacca za ta yi bayani a kai, watau wadda Turawa suka laƙaba wa suna mai ma'anar "siririya".

Siririyar kwamfuta wata 'yar akwati ce da ba ta fi littafi girma ba, sau da yawa ba ta da fanka, ba ta kuma da wani rumbun ajiya na a zo a gani. Akan jona mata allo da madannai da linzami, amma ainihin aikin ba a cikinta ake yin sa ba. Can a wani ɗaki mai sanyi na kamfanin, ko ma a wata ƙasa, akwai babbar na'ura, watau uwar garke, wadda aka karkasa ƙarfinta, kowane ma'aikaci da nasa kason. Kason nan yana ɗauke da manhajojinsa da takardunsa tamkar kwamfuta sosai, sai dai ba shi da jikin da za a taɓa. Abin da ke bin waya kuwa biyu ne tak: abin da ma'aikaci ya danna yana tafiya, hoton allo yana dawowa. Siririyar ita ce masinjan.

Haƙiƙa wannan dabara tsohuwa ce. Tun a 1961 aka gwada a jami'ar MIT ta Amurka yadda mutane da dama za su yi aiki da babbar kwamfuta guda a lokaci ɗaya, kuma a 1971 kamfanin IBM ya fitar da allon nan mai lamba 3270, wanda bankuna da manyan kamfanoni suka daɗe suna amfani da shi. Sai a 1981 IBM ɗin ya fito da kwamfutar kan tebur, al'amari ya juye, kowane akawu ya zama rajistar kansa. An sami 'yanci, amma ofis mai kwamfuta ɗari ya wayi gari da wurare ɗari da za a gyara, da kuma ƙofofi ɗari da ɓarawo zai bi.

A 1995 Larry Ellison, shugaban kamfanin Oracle, ya fito fili ya soki kwamfutar kan tebur, ya yi shelar wata na'ura mai rahusa da za ta dogara ga waya. Ba ta karɓu ba, domin farashin kwamfuta ya yi ta faɗuwa, wayoyin zamanin kuma ba su da sauri. Waɗanda suka ci riba su ne masu aiki ba hayaniya: Wyse da Citrix tun daga 1995, sa'an nan Microsoft a 1998. Amma wadda ta fi nuna manufar a sarari ita ce Sun Ray ta 1999. Ma'aikaci yana da kati. In ya zare shi allo ya rufe, in ya je wani tebur a wani bene ya soka, sai ya tarar da wasiƙar da yake rubutawa daidai inda ya bar ta. Oracle ya sayi kamfanin Sun a 2010, ya kuma sanar da daina yin ta a 2013.

Amfaninta ga banki ko asibiti a bayyane yake. In an sace ta, ƙarfe kawai aka sace, asirin jama'a yana can. In za a sabunta manhaja, sau ɗaya za a yi a uwar garke, ba a bi tebur-tebur ba. Wutar da take ci kaɗan ce ƙwarai, abin da ba ƙarami ba ne ga ofishin da ke kan janareta.

To, amma inda amfanin yake nan ne kuma illar take, kuma nan ne dillalai sukan yi saurin wucewa. Ranar da aka kulle rajista babu akawun da zai yi aiki. In uwar garke ta tsaya, ko waya ta yanke, ma'aikata ɗari za su naɗe hannu a lokaci guda, alhali kuwa mai kwamfutar kansa zai ci gaba da rubutunsa. Ko da wayar ba ta yanke ba, in ta yi nauyi sai harafi ya riƙa fitowa bayan an danna shi, wannan ɗan jinkiri kuwa ya isa ya gajiyar da mai buga takardu kafin azahar. Batun rahusa ma sai an yi lissafi da kyau, gama abin da aka rage a kan tebur yakan koma sayen uwar garke, da kuɗin lasisin manhaja, da albashin ƙwararren da zai kula da su. Daɗin daɗawa, ƙwararren nan yana iya rufe wa kowa ƙofa daga kujerarsa, ikon da shugaban rajista bai taɓa samun irinsa ba.

A 'yan shekarun nan rajistar ma ta bar harabar kamfani. Amazon ya fara ba da hayar irin wannan kaso a 2014, annobar korona ta 2020 ta tura ma'aikata gida ta ƙara masa kasuwa, Microsoft kuma ya kawo Windows 365 a 2021, ya biyo da tasa 'yar akwatin, Windows 365 Link, a 2025. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Kamfanin da ya zaɓi wannan hanya haya yake biya a kan kowane ma'aikaci, wata bayan wata, takardunsa kuma suna kwana a ɗakin da shi ba ya riƙe da makullinsa.